Wasiƙa daga Gotha, inda aka zana taswirar ƙasarmu

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa da abokan arziki na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi mai shiga ƙashi da rana mai faɗuwa tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Yawancinku in kun kira, tambayar ɗaya ce, wai ina Berlin ne ko Frankfurt. In na ce Gotha, sai a yi jim, a ce ina ne kuma nan. To, ga amsa a rubuce, kowa ya huta.

Gotha ƙaramin gari ne a jihar Thuringia da ke tsakiyar Jamus, mutanensa kimanin 45,000. Erfurt, babban birnin jihar, yana gabas da shi, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a jirgin ƙasa. Da yawan jama'a ake auna gari, da ban ɓata muku lokaci ba. Sai dai sunansa ya fara fitowa a rubuce tun shekarar 775, cikin takardar wata kyauta da Sarki Charlemagne ya yi wa gidan ibadar Hersfeld, kuma in ka bi tarihinsa daga nan za ka tarar kusan duk abin da ya fito da shi duniya, takarda ce.

Arzikin farko da ya gani daga rini ya zo. Akwai wani ganye da manoman yankin ke shukawa, a niƙa shi, a dunƙula, a bar shi ya ruɓa, ya ba da shuɗi, kusan aikin da baba ke yi a marinar Ƙofar Mata. Gotha na cikin garuruwa biyar na Thuringia da suka riƙe cinikinsa, ga shi kuma a bakin babbar hanyar fatake da ta ratsa daga yamma zuwa gabas. Da jiragen ruwa suka fara jido baba daga Indiya, mai ƙarfin launi, sai kasuwar ta mutu murus.

Garin ba shi da wani kogin kirki. Tsakanin 1366 da 1369 mai mulkin Thuringia na lokacin, Balthasar, ya sa aka haƙa hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 30 daga dajin tsaunuka har cikin gari. Leinakanal ake ce mata, kuma har yau ruwa na bin ta. Ita ce ke shayar da matakalar ruwan da aka gina a 1895, wadda ke gangarowa daga gindin fada zuwa babbar kasuwa. Duk cikin abubuwan garin nan babu wanda ya tsaya mini a rai kamarta: aikin hannu ne na fiye da shekara 650, kuma har yanzu akwai masu yashe ta da gyara mata baki.

Akwai lokacin da garin ya tsoma baki a rigimar manya, ya kuwa ji a jikinsa. Sarkinsa Johann Friedrich ya ba wani barde mai suna Grumbach mafaka bayan babban sarkin daular da ke bisa sarakunan Jamus ya yi shelar kama shi. A 1567 aka ci garin bayan an kewaye shi, aka yi wa Grumbach mummunan kisa a tsakiyar kasuwa, sarkin ya ƙare rayuwarsa a tsare a Ostiriya, aka kuma baje katafaren sansanin Grimmenstein da ke kan tudu.

Tudun ya zauna kango har zuwan Ernst, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Ibada. Ya karɓi Gotha a 1640, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, ƙauyuka sun ƙone, yunwa da annoba sun rage jama'a. Kafin ya aza harsashin fada, da makaranta ya fara. A 1642 ya kafa dokar da ta wajabta wa kowane yaro, mace da namiji, shiga makaranta daga shekara biyar, wani malami Andreas Reyher ne ya tsara masa ita. Har aka riƙa cewa manoman Ernst sun fi masu sarautar wasu wurare karatu. Sai a 1643 aka fara ginin fadar Friedenstein, aka gama a 1654. Bisa ƙofarta ta arewa an rubuta cewa zaman lafiya na ciyarwa, fitina na cinyewa, kuma wanda ya sa aka rubuta ya ga duka biyun da idonsa.

Daga waje fadar ba ta da wani ado. Farin gini ne mai faɗi, da tsakar gida kamar filin sukuwa, da hasumiya biyu masu kauri, ɗaya mai tsini, ɗaya mai ƙubba. Ernst ya tara komai a ciki: gidan sarki, ofisoshin mulki, coci, ma'ajiyar makamai, wurin buga kuɗi, ɗakin littattafai. A hasumiyar yamma akwai ɗan ƙaramin gidan wasan kwaikwayo da ake kira Ekhof, wanda na'urorinsa na katako da igiya tun wajejen 1680 suke, kuma har yanzu da su ake sauya bangon dandamali cikin ƙiftawar ido in ana wasa a lokacin zafi.

Ni hasumiyar gabas ce ta fi jan ni, don nan ɗakin littattafai yake. Tun zamanin Ernst fadar nan ke leƙen Afirka. A 1652 wani malamin coci Bahabashe, Abba Gorgoryos, ya yi 'yan watanni a nan bisa gayyatar sarki, yana aiki da masani Hiob Ludolf, wanda daga baya ya rubuta nahawun Gi'iz da na Amharik, harsunan Habasha. A farkon ƙarni na 19 kuma sarakunan Gotha suka ɗauki nauyin wani matafiyi, Ulrich Jasper Seetzen, ya riƙa saye musu littattafan hannu a Halab da Dimashƙa da Alƙahira. Ya shiga Makka a 1809, ya mutu a Yaman a 1811, amma akwatunan da ya aiko sun iso. Yau akwai littattafan hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci sama da 3,000 a nan, waɗanda a duk Jamus Berlin da Munich ne kawai suka fi su yawa. Fiƙihu, nahawu, tarihi, likitanci, ilimin taurari, duk suna jere a garin da yawancin masu wucewa ta ƙofar fadar ba su san alif ba.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye. A 1785 wani mutum Justus Perthes ya buɗe kamfanin ɗab'i a Gotha, wanda ya zama gagarabadau wajen taswira a Turai. Kun san Heinrich Barth, Bajamushen da kakanninmu suka sani da Abdulkarim, wanda ya biyo ta Agadas ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851 zamanin Sarki Usman, ya je Kukawa, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya kai har Tambutu, ya koma Turai a 1855. Littafinsa na Jamusanci mai juzu'i biyar a nan Gotha aka buga shi a 1857 da 1858, kuma August Petermann, wanda ya taso daga Landan ya zauna a garin nan a 1854, shi ya zana taswirorin. A nan kuma aka buga jerin kalmomin da Barth ya tattaro na Hausa da Barbarci da Fulatanci da wasu harsuna. Ke nan ɗan makarantar Turai da ya fara ganin Katsina da Zinder da Gwandu a inda suke a kan takarda, akwai hannun masu zanen wannan ɗan garin a ciki.

Ba na cikin masu cewa Barth ɗan leƙen asiri ne kurum. Ya koyi harsunanmu, ya zauna da malamai, ya rubuta tarihinmu da mutunci fiye da na waɗanda suka biyo bayansa. Amma gwamnatin Ingila ce ta aike shi, kuma taswira ba ta zaɓen mai karanta ta. Ba a cika shekara 30 da komawarsa ba aka zauna a Berlin kan rabon Afirka. Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba: hanyoyi da zangogi da yawa da ke kan waɗannan taswirori Barth bai taka su ba, daga bakin fatake da mahajjata ya ji, ya rubuta kwana nawa ne daga wannan rijiya zuwa waccan. Iliminsu ne aka zuba a kan takarda. Jihar Thuringia ta sayi ma'ajiyar kamfanin Perthes a 2003, taswirori kimanin 185,000 da wasiƙun matafiya, tana nan a hannun Jami'ar Erfurt, kuma mai bincike na iya neman izini ya duba. Ɗalibanmu na tarihi, ku ji da kyau.

Sauran labarin zan bi ta kansa da sauri. Albert, mijin Sarauniya Victoria, ɗan gidan sarautar Coburg da Gotha ne, don haka sunan garin nan ya shiga sunan gidan sarautar Ingila, har sai 1917 da jiragen yaƙi ƙirar masana'antar Gotha suka yi wa Landan ruwan bama-bamai, Sarki George na Biyar ya sauya sunan gidansu zuwa Windsor. A nan Ernst Wilhelm Arnoldi ya kafa kamfanin inshorar gobara a 1820. A nan, a wani zaure mai suna Tivoli, ƙungiyoyin ma'aikata biyu suka haɗe a 1875, suka haifi jam'iyyar da ta zama SPD, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun Jamus. A nan kuma, Allah Ya kyauta, aka buɗe wurin ƙona gawa na farko a Jamus a 1878.

Tsohon garin ya tsira a 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, saboda wani hafsa ɗan Ostiriya, Josef von Gadolla. An ba shi umarnin kare garin har mutum na ƙarshe, shi kuwa ya sa aka ɗaga fararen tutoci. Nasu suka kama shi, suka harbe shi a Weimar ranar 5 ga Afrilu, kwana ɗaya bayan Amurkawa sun shiga Gotha. Da bazarar shekarar sojojin Tarayyar Soviet suka karɓi yankin, garin ya zama na Jamus ta Gabas har 1990. Bayan haɗewar ƙasar masana'antu da dama suka rufe, matasa suka yi yamma, jama'a ta ragu daga kusan 57,000.

Wa ke riƙe da garin yau? A tsakiyar babbar kasuwa akwai wani jan gini mai hasumiya da aka fara a 1567 a matsayin rumfar 'yan kasuwa, ya koma gidan hukumar gari a 1665. Magajin gari jama'a ke zaɓarsa kai tsaye na shekara shida. Na yanzu, Knut Kreuch na SPD, yana kan kujerar tun 2006. Majalisar gari na da kansiloli 36 da ake zaɓa duk shekara biyar, kuma ba albashi suke ci ba, ɗan alawus ne na zama. Kowa na da sana'arsa, ya tashi aiki ya zo taro. Zaman majalisa a buɗe yake ga mai son saurare, kasafin kuɗi ma ana wallafa shi. Ƙauyukan da aka haɗe da garin, irin su Siebleben da Sundhausen, kowanne na da nasa ɗan shugaban da 'yar majalisarsa.

Kuɗi kuwa, gari na karɓar harajin kasuwanci da na filaye da gidaje da kansa, majalisa ce ma ke yanka yawansa. Kashi 15 cikin ɗari na harajin albashi a Jamus na garuruwa ne, ga kuma abin da jiha ke turowa bisa doka. Da wannan ake kula da titunan cikin gari, da gidajen renon yara, da 'yan kwana-kwana, da maƙabarta, da lambuna. Shara da lafiyar jama'a da rajistar motoci da takardun baƙi irinmu, waɗannan na gunduma ne, wadda ita ma a Gotha hedikwatarta take. 'Yan sanda na jiha ne. Tsarin mulkin ƙasa ya ba gari 'yancin tafiyar da harkokinsa, don haka kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in fitilar layinsu ta mutu. Ba sai na ce komai kan namu ƙananan hukumomin ba, kun fi ni sani.

Kada ku ɗauka aljanna ce. In ka sauya gida, cikin mako biyu sai ka je ka yi rajista da takardar mai gida. In tsohon gini ka saya, ko taga ba ka isa ka sauya ba sai da izini. Yaro ɗan shekara 16 na jefa ƙuri'a a zaɓen gari, haka ɗan Poland ko Romaniya da ke zaune a nan, amma mu da muka fito daga wajen Tarayyar Turai sai kallo, ko da kuwa muna biyan haraji. A zaɓen jiha na Satumbar 2024 kuma jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ce ta zo ta ɗaya a Thuringia da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u. Baƙar fata ba ya mance wannan lissafin in ya shiga taragon jirgi, duk da cewa maƙwabtan kirki ma ba su ƙare ba.

Bari in rufe muku da labarin ɓarayi. Wani dare a Disambar 1979 aka haura fadar Friedenstein aka sace tsofaffin zane-zane biyar, ciki har da na Frans Hals, shahararren mai zane na ƙasar Holland. Jami'an Jamus ta Gabas, duk da shahararsu wajen sa ido, suka yi bincike har suka gaji. Bayan shekara kusan 40 wani lauya ya tuntuɓi magajin gari a asirce, ya ce ya san inda suke. Kreuch ya ja bakinsa ya yi shiru, aka yi ta ciniki har aka miƙa su a Berlin a 2019, masana suka tabbatar su ne, aka mayar da su Gotha.

In Allah Ya kai mu lokacin zafi, ina da niyyar hawa jirgin titin da ke tashi daga tashar gari ya ratsa daji har Bad Tabarz, wanda ke wannan zirga-zirga tun 1929, in kuma ba ku labarin ƙauyukan hanya. Ku gaishe mini da kowa da kowa, ku sa mu a addu'a.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Gotha