Abin da jadawalin fam da dala ya koya mini

A aikina na tattara alkaluman tarihi ga masu bincike, jadawalin canjin fam na Ingila da dalar Amurka ya fi kowanne saurin ruɗa mutum, don a ido ba shi da wata wahala: shekara a hagu, lamba a dama. Sai dai lambobin ba jinsi ɗaya ba ne. Wata lambar doka ce ta haife ta, wata kuwa minista ne ya yanke ta, wata kuma kasuwa ce ta fitar da ita. Jera su a layi ɗaya ba ya mai da su 'yan uwa.

Ɗauki dala 4.86 a kan kowane fam, wadda ta mamaye shekarun da suka gabaci yaƙin duniya na farko. Wannan lissafin awo ne kawai. Fam ɗaya na zinariya yana ɗauke da kimanin giram 7.32 na tsantsar zinariya, dala kuma kimanin giram 1.5. Raba na farko da na biyu, ga amsarka. Idan farashi ya so ya kauce, 'yan kasuwa sukan loda zinariya a jirgin ruwa su haye tekun Atilantika da ita, saboda haka kaucewar ba ta wuce kuɗin dako da inshora. Amma ko a wancan zamanin akwai rami. Lokacin yaƙin basasar Amurka gwamnati ta buga takardun kuɗi da ba a musanya su da zinariya, har a 1864 fam ɗaya ya doshi dala 10 ta takarda, alhali da dalar zinariya yana nan inda yake. Wanda ya ce "dala" a shekarar nan, sai ka tambaye shi wacce.

Shekarun da na fi daɗewa a kansu su ne 1925 zuwa 1934. Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya mayar da fam kan tsarin musanya shi da zinariya a 1925 bisa tsohon farashin nan na 4.86, domin martabar Landan. Masanin tattalin arziki Keynes ya ce an ɗaga fam fiye da ƙimarsa da kusan kashi 10 cikin ɗari. A jadawali shekarun da suka biyo baya lafiya lau suke, lamba ba ta motsi. A ƙasa kuwa kayan Ingila sun yi tsada a waje, masu ma'adinan kwal suka nemi rage albashi, aka yi yajin aikin gama-gari a 1926. A Satumbar 1931 Ingila ta saki zinariya, fam ya faɗi ƙasa da dala 3.50 kafin shekarar ta ƙare. Sai ga shi a 1934 ya haura dala 5. Mai karatu da gaggawa zai ce fam ya murmure, amma kallon kitse yake yi wa rogo: Shugaban Amurka Roosevelt ne ya rage darajar dala, ya ɗaga farashin oza ɗaya ta zinariya daga dala 20.67 zuwa 35. Canji ma'auni ne tsakanin abu biyu, kuma kowannensu yana iya motsawa.

Daga nan sai zamanin da gwamnati ke yanke farashi: 4.03 a lokacin yaƙi na biyu, 2.80 a Satumbar 1949, sai 2.40 a Nuwambar 1967 ƙarƙashin Firaministan Ingila Harold Wilson. A ganina waɗannan su ne lambobin da suka fi ɓoye gaskiya, don a lokacin ba kowa ke da izinin sayen dala yadda ya ga dama ba, kuma babban bankin Ingila na ta ƙona ajiyarsa don lambar ta tsaya cik. Kuma matsakaicin shekara ba ya aiki a nan. Idan ka ga an rubuta wata lamba tsakanin 4.03 da 2.80 a gaban 1949, farashi ne da hukuma ba ta taɓa sa wa fam ba ko da rana ɗaya.

Bayan Shugaban Amurka Nixon ya daina musanya dala da zinariya a Agustan 1971, aka saki fam ya yi iyo a 1972, wato aka bar wa kasuwa ta yanke farashinsa. Ya kusa dala 1.05 a Fabrairun 1985, ya wuce dala 2 a 2007, ya taɓa wajen 1.03 a Satumbar 2022. Waɗannan kam na kasuwa ne, ba su da wani sirri sai hayaniya.

Akwai kuma wani ɗan tarko a tsofaffin littattafan ajiya. Kafin 15 ga Fabrairun 1971 fam sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, wato kwabo 240 a fam. Akawu ya rubuta fam 2 da sule 10, mai shigar da shi kwamfuta ya buga 2.10, alhali fam biyu da rabi ne. Na sha ganin haka a takardun da aka kawo mini dubawa.

Tambayar da masu bincike suka fi yi mini ita ce: fam 100 na 1900, dala nawa ne yau? Hanya biyu ce. Ko ka canza shi zuwa dala 486 a lokacin, ka bi hauhawar farashin Amurka har zuwa yau, ko ka bi hauhawar Ingila tukuna sannan ka canza da farashin yau. Amsoshin ba sa zuwa ɗaya, kuma ba wadda ta yi kuskure. Shi ya sa kafin in taɓa lissafi nakan tambayi mai tambayar a wace ƙasa mai kuɗin zai kashe su.