Talata: hazo, jan biro da takarda 212

Hazon yau ya fi na jiya. Da na leƙa waje bayan sallar asuba, ko darbejiyar maƙwabta da ƙyar nake hango ta. Na dama kunun tsamiya, aka sayo ƙosai, na shafe yara da man kaɗanya har suna ƙyalli, sannan na saɓa jakar takardun da ta kusa fin autata nauyi. Maigida ya ce, "Malama, yau ma da kayan nan za ki fita ki dawo da su?" Na ce ai su ma suna son shan iska.

Lakcata ta ƙarfe 8 ce, GST 111, darasin Turancin da ya zama dole a kan duk ɗan aji ɗaya, ko likitanci ya zo karantawa ko lissafi. Sunan da ɗalibai ke kiran babban ɗakin da shi a Turance, wato "theatre", shi ne Bahaushe ya ara tun da daɗewa ya mai da shi "tiyata". Wata rana har nakan ga sunan ya dace da abin da muke yi wa harshe a ciki. Sun haura 400, wasu a kan taga. Babu wuta, saboda haka babu lasifika, sai abin da maƙogwarona ya iya.

Yau furuci muka yi, kuma na tsaya a kan tsohon ciwonmu, "p" da "f". Na ce musu kowa ya daina jin kunya, ba laifinsa ba ne. Hausa ba ta raba sautukan nan biyu. Namu "f" ɗin da leɓe biyu muke yin sa, ba ruwan haƙori, shi ya sa Basakkwace zai ce "tahi" inda Bakano zai ce "tafi", kuma kowa ya gane. Shi kuwa Bature sai ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Na sa kowa ya yage ƴar takarda ya riƙe a gaban bakinsa: in ka faɗi "pan" daidai za ta motsa farat ɗaya, in ka faɗi "fan" iska za ta zirara a hankali. Mutum 400 suna cizon leɓe suna hura takarda, wani malami da ke wucewa har sai da ya leƙo ya ga ko lafiya.

Daga nan na rubuta musu burodi, bokiti, asibiti da sukudireba a allo, na ce su nemo mini asalinsu. Sai ga ido ya buɗe. Bakinmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, sai ya cusa wasali a tsakani ya huta. Kakanninmu ba su yi kuskure ba, sun yi wa baƙo ɗinki daidai jikin gida ne.

Ana dab da tashi wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu. "Malama, me ya sa Turanci ba ya bambanta kai da ke da ku? Kalma ɗaya ce fa duka." Na ce da can suna da ta tilo daban, "thou", suka yar da ita a hanya. Ya ce, "Ashe mun fi su kaya." Aji ya ɗauki shewa. Ban musa masa ba.

A ofis ne ranar ta yi nauyi. Aikin da na ba su makon jiya shi ne kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan safiyar hunturu a unguwarsu. Tun yajin aikin wata 8 da malaman jami'o'i suka yi a 2022 zangon karatu bai koma yadda muka san shi ba, kullum a guje muke, kuma shugaban sashe na son maki ranar Juma'a.

Takarda ta 30 ko kusa da haka ta zo tsaf, babu inda jan biro zai sauka. Waƙafi a muhallinsa, aya a muhallinta. Sai a sakin layi na biyu na ga dusar ƙanƙara tana sauka a kan rufin gidaje, yara na gina mutum-mutumi da ita. A Kurna! Ko karanta abin da manhajar wayarsa ta rubuta masa bai yi ba kafin ya kwafe. Na rubuta masa "zo ka same ni" a saman takardar, na ajiye ta gefe.

Wadda ta biyo baya kuwa ta wata yarinya ce, kuma layin farko kaɗai ya ci gyara uku. Sanyi ya "kama" ta, ta "sha" magani, tana "jin" ƙamshin hayaƙin murhu, duk ta ɗauko su daga Hausa ta sa musu rigar Turanci. Amma na ga kakarta zaune a bakin kaskon wuta, na ga almajirai sun kewaye mai waina suna jin ɗumi, na ga fason ƙafar ƙaninta da ake ɗiga wa narkakken kyandir. Na karanta har ƙarshe ban sani ba biro ya tsaya a hannuna.

A nan nake rasa yadda zan yi kowace shekara. Yarinyar nan ta ci Turanci a WAEC ko NECO, ta haye JAMB inda ba a tsallake shi, in ba haka ba da ba ta zo gabana ba. Kuma gobe in ta nemi aiki, ba wanda zai tambaye ta kakarta, wasiƙarta za a duba. Dole in gyara. A 1977 tsarin ilimin ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, amma abin da ke iso mana shi ne yaran da ba a zaunar da su sun rubuta Hausa ba, ba a kuma zaunar da su sun rubuta Turanci ba. Haddar ƙa'ida kawai aka ɗura musu. Na ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure, na rubuta daidai a gefe da fensir don kada jan ya yi mata yawa, na ba ta 7 cikin 10. Mai dusar ƙanƙara bai samu komai ba tukuna.

Bayan azahar sai ga yarinyar da kanta, ta yi sallama ta rusuna a bakin ƙofa. "Malama, an ce kin fara dubawa. Na san nawa ya ɓaci." Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon makin, sannan ta ce, "To Malama, in ba a sha magani a Turanci ba, me ake yi da shi?" Na ce ɗauka suke yi. Ta ce, "Su ɗauka su kai ina?" Abokin aikina da muke ofis ɗaya, wanda ya yi digirinsa na uku a Ingila, ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya miƙe zai tafi aji, ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ce mana "I am coming", ya fice. Ni da yarinyar muka kalli juna. Jiya-jiyan nan na rage wa wani yaro rabin maki a kan wannan jimlar.

Na dawo gida dab da magariba, murya a dishe, ƙura har cikin gira. Na sha zuma da lemon tsami. Yanzu ƙarfe 10 ta wuce, fitilar caji ta fara ja, takardu a baje a kan tabarma. Maigida ya kira ni sau biyu in zo in ci tuwo kada ya huce, sau biyu na ce masa ina zuwa. Saura 212.