Ranar toya randuna a Mai Wurno

Talata.

Tun kafin assalatu Goggo ta tashe ni, wai iska ta kwanta, yau za a sa wa tukwane wuta. Ni da na wuni jiya ina shiƙar dawa, da ƙyar na miƙe.

Randuna bakwai ne, sai kaskon turare da jabana uku, wato butocin kofi. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a 2023 lantarki ya zama sai an gani, firij ya koma ma'ajiyar kwanuka, randa kuwa, wadda Larabawa ke kira zir, ta dawo da martabarta. Tana tsatsafo ta jiki, iska ta busa, ruwan ciki ya yi sanyi ƙarara.

Kusan komai na aikin nan daga gona ya fito. Yumɓun mun ɗebo shi a bakin kogin Nilul Azrak bayan ambaliya ta ja baya, lakar da kogin ke kwasowa daga duwatsun Habasha. Ita kaɗai tsagewa take yi, kamar baƙar ƙasar gonarmu da rani, shi ya sa Goggo ke kwaɓa ta da ƙaiƙayi da kashin jaki. A matoya muka shimfiɗa itacen bagaruwa, muka kife randunan a kai, muka lulluɓe da karan dawar bana. Tana jerawa tana ba ni labarin da na ji sau ɗari, na kakanninta da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi a 1903. Ban katse ta ba.

Wuta ta kama sosai, sai muka ji fus! Goggo ko juyawa ba ta yi ba. "Taki ce. Na ce ki bar ta ta ƙara kwana uku a inuwa." Na ce, "Goggo, ai ta bushe." Ta ce, "A ido."

Da la'asar muka tone toka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa, kunnenta a jiki. Shida sun amsa da ƙara mai zaƙi, gefensu da baƙin tabo inda kara ya kwanta. Tawa gindin ya fita fit.

Tokar Baba ya kwashe zuwa fadamar albasa. Ni kuma an miƙo mini turmi, wai in daka katangar randata a zuba cikin kwaɓin jibi.