Sakacin da Na Yi Bayan An Rage Mini Tumbi

Ƙannena, musamman waɗanda ƙiba ta dama har suka fara tara kuɗin tafiya Alƙahira ko Indiya, ina so ku ji inda na yi sakaci, domin likitan da ya yi mini aiki ya sauke nauyinsa, ni ce ban sauke nawa ba.

An cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbina, aka bar ɗan siriri kamar ayaba, aka sallame ni da umarnin in riƙa shan bitamin muddin raina, in kuma riƙa gwajin jini a kai a kai. Da zannuwana suka fara yi mini yawa, 'yan uwa suna cewa na koma budurwa, sai na jefa kwalaben a durowa. Ban san cewa ɓangaren da aka cire yana cikin wanda ke samar da sinadarin da jiki ke buƙata kafin ya tsotsi bitamin B12 ba, kuma da yake hanta tana da ajiyarsa, ƙarancin ba ya nuna kansa da wuri. Sai da aka shekara biyu tafin ƙafafuna suka fara yi kamar ana tsira musu allura, in hau bene ina haki, in ajiye makulli in manta inda yake.

Kuskure na biyu kunya ce ta jawo shi, domin na ɓoye aikin ga kowa, na ce tsarin abinci nake bi. A wani biki gwaggona ta matsa mini da shinkafa da lemon kwalba, na kasa cewa a'a, kuma ba a yi minti 20 ba zufa ta karyo mini, zuciyata tana dukan uku-uku, na ƙare a banɗaki. Haka kuma na sayi ibuprofen a kemis saboda ciwon baya, ban gaya wa mai shagon komai ba, alhali irin wannan magani yana iya haifar da gyambo a tumbin da aka yi wa aiki, kuma ya haifar mini.

Kafin ku sayi tikiti, ku nemi likita a gida wanda zai ci gaba da duba ku, ku lissafa kuɗin bitamin da gwaje-gwaje na shekaru, sannan ku sanar da wanda kuke cin abinci tare da shi. Yanzu ana yi mini allurar B12 duk wata uku, amma har yau babban yatsan ƙafata ta hagu bai dawo daidai ba.