Abin da tamburan Rasha suka koya mini a sana'ar zane

Sana'ata zanen tambari ce, na makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan kamfanoni. Yawancin masu kawo aiki buƙatarsu ɗaya ce: a sa mikiya, a sa littafi, a sa fitila, ya dai fito da kwarjini. Na shiga karatun tarihin tamburan ƙasashe ne don in san tushen wannan al'ada, kuma na Rasha ne ya fi riƙe ni, domin kusan duk abin da ke cikinsa yana da lokacin da aka sa shi da dalilin da ya sa.

Mikiyar nan mai kai biyu ta bayyana a hatimin Ivan na Uku, sarkin Mosko, a 1497. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne matarsa Sofiya ce ta zo da ita. Ya aure ta a 1472, kuma 'yar ɗan'uwan sarkin Rumawan Gabas na ƙarshe ce, wanda Turkawa suka ci birninsa a 1453. Wasu masana tarihi kuwa sun ce Ivan ya dubi sarakunan gidan Habsburg na Ostiriya ne, masu irin wannan mikiya, yana son a san shi ma tsaransu ne. Ni na fi karkata ga wannan, don shekara 25 ke tsakanin auren da hatimin.

Kambuna ukun da ke saman mikiyar su suka fi tsaya mini a rai. An ƙara na ukun a 1625, sai a 1667 Sarki Aleksei ya fitar da bayani a hukumance cewa suna nufin masarautun Kazan da Astrakhan da Siberiya. Duka ukun ƙasashen Tatar Musulmi ne da aka ci da yaƙi, Kazan a 1552, Astrakhan a 1556. Abin da ido ke ɗauka a matsayin ado, ashe lissafin ƙasashen da aka murƙushe ne. Da sarauta ta faɗi a 1917, gwamnatin riƙon ƙwarya ta bar mikiyar amma ta tuɓe mata kambunan. 'Yan Bolshebik, wato 'yan gurguzun da suka ƙwace mulki daga wannan gwamnati, suka kawar da ita gaba ɗaya, suka kawo guduma da lauje da zangarniyar alkama. Ranar 30 ga Nuwamba, 1993, shugaban Rasha Boris Yeltsin ya dawo da ita, ruwan zinariya a kan jar garkuwa, da kambunanta uku cif. Yanzu ana fassara su da 'yancin tarayyar Rasha da sassanta. Zanen yana nan yadda yake, ma'anar ce ke sauya hannu, kuma mai mulki ne ke riƙe da ita. Tun da na fahimci haka nake rubuta wa mai aiki bayanin kowane abu da na sa masa a takarda, ya ajiye, ko da magadansa za su zo su ce wani abu daban.

Mahayin dokin da ke ƙirjin mikiyar, wanda ke sukar dodo da mashi, shi ma haka ta faru da shi. Da farko sarkin kansa ake nufi, sai a ƙarni na 18 aka mai da shi George, waliyyin Kiristoci. A gyaran 1857 masanin tambura Bernhard von Köhne ya juya shi ya fuskanci ɗaya ɓangaren don a bi ƙa'idar Yammacin Turai, a 1993 aka mai da shi yadda yake a da.

Amma inda na fi ƙaruwa a aikace shi ne tamburan garuruwa. Peter Mai Girma ya kafa ofishin kula da tambura a 1722, kuma a zamanin Sarauniya Catherine ta Biyu aka ba garuruwa da yawa nasu. Sau da yawa ana raba garkuwar biyu, sama alamar lardi, ƙasa abin da aka san garin da shi. Tula, garin maƙeran makamai, ya sami bakin bindiga da takubba da guduma. Shuya ya sami sandar sabulu, don sabulu suke yi, kuma ba su ji kunyar sa shi a garkuwa ba. Chelyabinsk, a yankin tsaunukan Ural mai tsananin sanyi, ya sami raƙumi ɗauke da kaya a 1782 saboda ayarin fatake, kuma har gobe raƙumin na nan.

Wannan sabulu na Shuya ya fi mini mikiyoyi goma da aka aro, domin duk wanda ya gan shi ya san abin da mutanen garin ke ci da shi. Shi ya sa yanzu idan mai makaranta ya ce in sa masa mikiya, sai in tambaye shi, "Alhaji, mene ne ake yi a nan wanda ba a yi a makarantar da ke kusa da ku?" Wasu sukan ce in dai sa mikiyar, in sa musu. Wasu kuwa sukan yi shiru, sannan su fara ba ni labarin rijiyar da aka gina makarantar a gefenta, ko sana'ar saƙa da suke koya wa yara, daga nan zanen yake fitowa.