Ɗigo biyu a faranti ɗaya

Wani ɗalibi ya shigo min da farantin renon bakteriya yana rawar jiki: "Malam, sabon nau'in bakteriya ne, BLAST ya ba ni kashi 98." BLAST manhaja ce mai gwada kamannin jerin DNA da na halittun da aka riga aka sani. Daga fadamar bakin kogin Challawa ya ɗebo ƙasar, wajen Tamburawa, inda ruwan majemu ke bi da gubar kuromiyam. Har ya raɗa wa bakteriyar suna. Na ɗaga farantin ga haske, sai ga ɗigon tsiron bakteriya iri biyu manne da juna, ɗaya ruwan madara mai santsi, ɗaya busasshe mai tsagaggen baki. Ramin da na taɓa faɗawa ke nan.

Ni ma giram 1 na ƙasa na zuba a mililita 9 na ruwan gishiri mai kashi 0.85, na yi ta tsarmawa har hawa shida, na shafa a kan aga (abincin da ake renon bakteriya a kai) mai potassium dichromate, wani gishirin kuromiyam. Har nan lafiya lau. Amma sau ɗaya na ja ɗigon a sabon faranti maimakon uku, ashe abin da nake kira tawa biyu ne a cakuɗe. Rinin Gram kuwa, mai raba bakteriya gida biyu, masu shuni da masu ja, a kan tsiron da ya kwana huɗu na yi shi, alhali na awa 18 zuwa 24 ake so. Tsohon tsiron bakteriyar Bacillus yakan saki shunin ya fito ja, na kuwa rubuta shi a ɓangaren masu ja gaba gaɗi. To amma rinin ma aro nake yi, sai ranar da mai shi ya ga dama.

Jerin 16S rRNA, sashen DNA da ake gane nau'in bakteriya da shi, cikakkensa kusan haruffa 1,500 ne. Ni wajen 600 na samu, don daga gefe ɗaya kaɗai aka karanta da 27F, kuɗin 1492R mai karantawa daga ɗaya gefen bai samu ba. Ban buɗe zanen sakamakon ba balle in ga tsinuka biyu-biyu suna hawa kan juna, alamar cakuɗa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne ajiya. Ban daskarar da ita cikin gilisarin kashi 20 a sanyin digiri -80 ba, na bar ta a kwalba cikin firij. Aka ɗauke wuta kwanaki, fumfuna ta rufe komai. Ina za a samu irin wannan firiza a lokacin? Duk da haka da na roƙi alfarma a wani wuri, da an ajiye min.

Na so in jera muku shawarwari goma, amma ba zama za ku yi ba. Kamannin 16S ƙasa da kashi 98.7 ƙofar zama sabon nau'i kawai ya buɗe. Sai an karanta jinom, wato DNA ɗinta gaba ɗaya, ma'aunan kamannin jinom biyu su sauka, ANI ƙasa da kashi 95 zuwa 96, dDDH ƙasa da kashi 70, kuma da asalin samfurin kowane nau'i za a gwada a rumbun bayanan EzBioCloud, ba tarkacen da kowa ya loda ba. Sai an ajiye ta da rai a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, irin su DSMZ a Jamus da JCM a Japan, sunan ya fito a mujallar IJSEM.

Kada ka kashe ko sisi a kan jinom sai ta tsarkaka. Kada kuma ka tsaya jiran tsarki, yau ɗin nan ka daskarar da abin da ke hannunka ko a cakuɗe yake.

Ina cikin wannan bayani na waiga, yaron ya cire murfin farantin a ƙarƙashin fanka yana ɗaukar hoto don WhatsApp.