Famfon da ban murɗa ba

Wallahi har yau in na ga famfon nan na tsakar gidanmu sai raina ya ɓaci. Bayan ƙaramar sallah muka fara neman gidan haya a nan Katsina saboda ɗaki ɗayan da muke ciki a Ƙofar Marusa ya yi mana kaɗan, yara uku ga maman su ga kaya. GRA da Layout ban ma tsaya ba, kuɗin da aka faɗa mani ya haura miliyan, na ja mashin ɗina na yi gaba. Wajen Ƙofar Kaura aka nuna mani ɗaki biyu da falo mai borehol, dubu 400 a shekara, na ce ya yi tsada. Sai dillali ya ce Malam zo mu je can bayan Sabuwar Unguwa akwai irinsa sak a dubu 280.

Gida kam ya yi kyau, sabon fenti, tayil har bayi, ga tanki a sama ga famfo a tsakar gida. Na duba silin ko yana yoyo, na tambayi mita ko akwai bashin wuta, har makwabta na gaisa da su, amma hannuna bai kai kan famfon nan ba. Murɗawa ɗaya fa! Na biya kuɗin shekara cif, na ba dillali la'adarsa kashi 10 cikin 100, dubu 28 kenan, muka kwaso kaya.

Washegari da asuba maman yara ta murɗa, ko ɗigo. Ashe tankin tun da aka ɗora shi ruwa bai taɓa shiga ba, rijiyar gidan kuma da bazara ƙafewa take ƙaf. Na kira mai gida ya ce ai Malam ba ka tambaya ba. Dillali kuwa wayarsa kullum tana caji.

To yanzu ga lissafi, jarka shida muke sha kullum wajen 'yan garuwa, naira 100 kowace, dubu 18 a wata, ranar wanki kuma sai an sauke kura guda. A shekara ya wuce dubu 200. Wato gidan dubu 400 ɗin da na raina ya fi wannan araha, ga shi babu zaman jiran mai kura da rana tsaka, wani lokacin har azahar yara ba su yi wanka ba, ga layin namu yashi ne masu kurar ma sai ka lallaɓa su.

In za ka ga gida a Katsina je ka da rani, ka murɗa famfo da hannunka, ka leƙa rijiya, ka samu yaran layin ka tambaye su nawa jarka, su ba su da la'ada a ciki. Ni dai saura wata bakwai kuɗina ya ƙare, kuma na riga na koma Ƙofar Kaura na tambaya, an ce wani ya shiga.